Saƙar Yara Domin Sadaka: Amsa Ga Wani Ɗan Kasuwar Sabon Gari

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya suturta ɗan Adam bayan Ya fito da shi duniya tsirara, Ya kuma hore wa hannunsa sana'a domin ya rufa wa kansa asiri. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, masu karatu za su tuna mun yi alkawarin ci gaba da bayani a kan hukunce-hukuncen bashi a wannan mako. Muna neman afuwa, domin wata takarda ta iso mana wadda ba ta jiran jinkiri, saboda hunturu ya kawo jiki. Wanda ya rubuto ta wani Alhaji ne mai rumfar zare da allurai da maɓallai a Kasuwar Sabon Gari ta Kano, watau wadda aka sa wa sunan marigayi Muhammadu Abubakar Rimi, kuma ya roƙe mu mu sakaya sunansa.

Alhaji ya ce wata malama daga wata makarantar Islamiyya a Fagge, inda 'yarsa take karatu, ta same shi a rumfa ta nemi ya taimaka da zaren ulu. Nufinta ta koya wa yara saƙa, su saƙa hulunan sanyi da safa da barguna, a raba wa marayu da jarirai da ƙananan almajirai. Ya ce ya ba ta haƙuri tukuna, saboda abubuwa uku sun tsaya masa a rai. Na farko, yana jin wannan al'ada ce ta makarantun mishan, yana tsoron kada ya taimaka wa kwaikwayon wasu. Na biyu, ya lissafa ya ga kuɗin zaren da za a saƙa riga ɗaya ya isa a sayi rigar sanyi ta gwanjo har da canji. Na uku, yana tambaya in ya bayar, ko zai iya lissafa shi cikin zakkarsa.

Alhaji, Allah Ya saka maka da alheri da ka tambaya kafin ka hana, domin da yawa daga cikinmu hanawa muke yi sa'an nan mu nemi hujja daga baya. Za mu amsa tambayoyinka uku, mu ƙara da ta huɗu wadda ba ka yi ba, alhali kuwa ita ta fi nauyi a wurin Allah.

HALIN DA AKE CIKI

Duk wanda ya taɓa sammakon buɗe rumfa a Sabon Gari ko Kantin Kwari cikin watan Disamba ko Janairu ba ya bukatar a ba shi labari. Da asuba sanyin Kano yakan sauko zuwa digiri 12 ko ƙasa da haka, ga jaura tana kaɗawa. Mu muna fitowa daga ɗaki mai rufi, da rigar sanyi a ƙarƙashin babbar riga, amma a bakin rumfunanmu za mu tarar da yara 'yan shekara bakwai ko takwas sun dunƙule cikin 'yar shara guda, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, sun kewaye wutar kwali da leda suna shaƙar hayaƙi. A asibiti kuwa ungozomomi sun san jariri sabon haihuwa, balle bakwaini, ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa kamar babba, kuma kansa yana da girma in an gwada da jikinsa, saboda haka zafi mai yawa ta nan yake fita. Shi ya sa likitoci ke umurni a tsane jariri, a manna shi a ƙirjin uwarsa, a sa masa hula. Ashe 'yar hular da ba ta fi tafin hannu ba tana iya zama sanadin rayuwa, da ikon Allah.

ASALIN AL'AMARIN A SHARI'A

Allah Ya ƙirga ɗumi cikin ni'imominSa. A aya ta 5 ta Suratun Nahli Ya ambaci cewa a jikin dabbobin ni'ima akwai abin ɗumama jiki gare mu, a aya ta 80 Ya ambaci sufin tumaki da gashin raƙuma da na awaki da kayan da ake yi da su, a aya ta 81 kuma Ya ambaci riguna masu kare jiki. Abin da Mahalicci Ya kira ni'ima, isar da shi ga wanda ya rasa ba ƙaramin aiki ba ne.

Amma abin da ya fi kusa da tambayar Alhaji shi ne hadisin Abu Musal Ash'ari wanda Buhari da Muslim suka ruwaito. Ma'anarsa ita ce, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗora sadaka a kan kowane Musulmi. Da aka tambaye shi game da wanda ba shi da abin bayarwa, bai ce ya zauna a ba shi ba. Ya nuna masa ya yi aiki da hannunsa, ya amfani kansa, ya kuma yi sadaka. Jama'a, mu lura da wannan jeri: aiki, sa'an nan amfanin kai, sa'an nan kyauta. Yaron makaranta ba shi da dukiya, amma yana da yatsu goma da sa'a guda ta rana. Malamar Fagge, ko ta sani ko ba ta sani ba, wannan hadisi take so ta mayar darasi.

Sahabbai haka suka fahimta. Abu Mas'ud ya ba da labari, kamar yadda ya zo a Buhari, cewa da aka umurce su da sadaka sai waninsu ya tafi kasuwa ya yi dako, ya sami ɗan awo ya kawo. Munafukai suka yi ta yi wa masu kawo kaɗan ba'a, sai aya ta 79 ta Suratut Tauba ta sauka tana zargin masu ba'ar. 'Yan kasuwa su dubi 'yan dakon da ke sauke musu kaya kullum, su san cewa wasu daga cikin mafifitan wannan al'umma wannan aiki suka yi don kawai su sami abin bayarwa.

A cikin gidan Annabci ma akwai misali. Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi ya gaya wa matansa wadda ta fi su tsawon hannu ita za ta fara riskarsa. Suka riƙa gwada hannuwansu. Sai da Nana Zainabu 'yar Jahshi ta rasu a shekara ta 20 bayan Hijira, zamanin halifancin Sayyidina Umaru, sa'an nan suka gane tsawon hannu kyauta ake nufi, domin ita tana aiki da hannunta tana sadaka da abin da ta samu. Malaman tarihi sun ce jima da ɗinkin fata take yi. Uwar muminai ce, ba ta rasa mai ciyar da ita ba, amma ta fi son abin da za ta miƙa ya fito daga guminta.

Har ila yau Buhari ya ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'adu cewa wata mata ta kawo wa Annabi mayafi, ta ce da hannunta ta saƙa shi don ta tufatar da shi. Ya karɓa yana mai bukatarsa, ya ɗaura. Wani sahabi ya yaba mayafin ya roƙa, Annabi ya ba shi, kuma a ƙarshe shi ya zama likkafanin mutumin. Da saƙa domin kyauta abin ƙi ce, da bai karɓa ba.

TAMBAYA TA FARKO: KO KWAIKWAYO NE?

Gaskiya ne makarantun mishan sun koya wa 'yan mata saƙa da kibiya da kwarashi, kuma gaskiya ne a Ingila da Amurka an sa yaran makaranta sun saƙa wa sojoji safa da mayafan wuya a yaƙin 1914 zuwa 1918 da na 1939 zuwa 1945. A Afirka ta Kudu ma an yi ƙungiyoyin da ke tattara ƙananan fallayen saƙa ana harhaɗa su barguna domin marayu. Amma kwaikwayon da shari'a ta hana shi ne na abin da ya keɓanta da addinin wasu da ibadarsu da alamominsu. Sana'a kuwa ba ta da addini. Da haka ne, da sai mu bar keken ɗinki da mota da ma'aunin kanti. Annabi da kansa ya sa jubba saƙar ƙasar Rumawa mai matsattsun hannuwa a tafiyar Tabuka, kamar yadda Mugira ɗan Shu'uba ya ba da labari.

Daɗin daɗawa, wanda ya bincika zai ga ba mu ne masu aro ba. Daga cikin mafi daɗewar kayan saƙar kibiya da masu binciken tarihi suka samu akwai safunan auduga da aka tono a Masar, na tsakanin ƙarni na 11 da na 13 na Miladiyya, masu ado da fari da shuɗi, watau aikin ƙasar Musulmi. A ƙasar Sifen kuma, a kabarin wani ɗan sarki Kirista da ya mutu a 1275, an sami matashin kai saƙaƙƙe wanda masana ke danganta shi ga masaƙan Musulmin Andalus, har da kalmar albarka da rubutun Larabci a gefensa. Ko jar darar nan ta Tunis da dattawanmu ke sawa, mata ne ke fara saƙa ta da zaren ulu, ƙatuwa sakwa-sakwa, sa'an nan a dake ta cikin ruwa har ta tsuke ta yi kauri, a rina. Sana'a ce da Musulmin da aka koro daga Andalus suka raya a Tunis, ta ratso Sahara ta iso mana. Alhaji, wataƙila saƙar da kake tsoro tana bisa kan mahaifinka shekara da shekaru.

Balle kuma Kano. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya zo a 1851, ya rubuta cewa arzikin birnin ya dogara ne a kan tufafin da ake saƙawa a rina a nan, ya kuma kimanta cewa abin da ake kai wa Tambutu kaɗai ya kai kayan raƙumi 300 a shekara. Fagge zangon ayari ce tun kafin jirgin ƙasa ya iso a 1911 a kafa Sabon Gari. Mata na kaɗi, maza na saƙa, marina na turawa a Ƙofar Mata da Kura, maɗinka na aiki har unguwa guda ta ci sunan Soron Ɗinki. Shugabannin jihadi ma ba su raina wannan ba. Labari ya shahara cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana tuƙa igiya ya ci daga kuɗinta, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sa kula da masu sana'o'i da ƙarfafa su cikin wajiban shugaba. Saboda haka mai cewa zare da allura baƙi ne a makarantar Musulmi bai san gidansu ba. Haka nan mai cewa aikin mata ne kaɗai, ya je ya dubi masu ɗinkin hula da aikin babbar riga a zaurukan birni, ya gaya mana ko mata ne.

TAMBAYA TA BIYU: GWANJO YA FI ARAHA

A nan Alhaji ya faɗi gaskiya, kuma ba za mu ƙaryata lissafin ɗan kasuwa ba. In abin nufi kawai shi ne a rufe jikin yaro yau da dare, to a tafi layin 'yan gwanjo, ko Ƙofar Wambai, a sayo dila a raba. Wanda Allah Ya hore wa ya yi haka, kuma kada ya jira saƙar yara, domin mai jin ɗari ba ya jiran ɗalibi ya ƙware. Muslim ya ruwaito daga Jariru cewa wasu mutane daga ƙabilar Mudar sun zo Madina cikin tsummokara ba takalma, fuskar Annabi ta sauya don tausayi, nan take ya tara jama'a ya yi huɗuba, aka tara tufafi da abinci tsibi biyu, har fuskarsa ta yi haske don murna. Bai ce a dakata ba.

Amma malamar Fagge tana neman wani abu ne da ba a sayarwa a dila. Rigar gwanjo tana tufatar da yaro ɗaya. Hular da yarinya ta saƙa tana amfanar biyu, wanda ya sa da wadda ta saƙa. Yarinyar da ta yi mako uku tana ƙirga ido, ta kuskure ta warware ta sake, sa'an nan ta miƙa abin ga wanda ba ta sani ba, ta koyi haƙuri da kyautata aiki da rabuwa da abin da rai ke so. Wa'azin shekara guda ba zai dasa mata wannan ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mun tashi 'ya'yanmu suna ganin sadaka a matsayin ragowar tuwo da canjin da ya yi datti, abin da ake miƙawa ta tagar mota ba tare da an dubi fuskar mai karɓa ba. Wasu yaran kuma mun tashe su ba su san kome ba sai miƙa hannu. Annabi ya bayyana cewa hannun da ke sama, watau mai bayarwa, ya fi wanda ke ƙasa. To, a wace makaranta muke koya wa yaro yadda hannunsa zai koma sama?

'Yan Sabon Gari sun fi kowa sanin darajar abin da ke cikin hannu. A daren 26 ga Maris 2016 gobara ta cinye shaguna fiye da dubu uku a wannan kasuwa. Allah Ya mayar wa waɗanda suka yi hasara da alheri, Ya kiyaye gaba. Mutane sun kwana da dukiya sun tashi da toka. Amma tela da ya rasa kekensa bai rasa ɗinkinsa ba, ya yi aron wani keke ya ci gaba. Wuta tana cin haja, ba ta cin sana'a. Yarinyar da aka koya wa saƙa domin sadaka yau, gobe in ta zama uwar marayu, da wannan kibiya za ta ciyar da su a cikin ɗakinta ba tare da ta tsaya a ƙofar kowa ba.

TAMBAYA TA UKU: ZAKKA

A'a, Alhaji, wannan ba ya shiga zakka. Zakka tana da gidaje takwas da aka ƙayyade a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma sharaɗi ne a mallaka wa mai haƙƙi ita. Makaranta da kayan koyarwa ba sa cikinsu. Bayan haka, a mashhurin mazhabar Imamu Malik, ɗan kasuwa mai jujjuya haja kamarka yana yi wa kayansa kima ne da kuɗi in shekara ta kewayo, ya haɗa da tsabar da ke hannunsa, ya fitar da ɗaya bisa arba'in da kuɗi, ba da kayan rumfa ba. Mun san malaman Hanafiyya sun sauƙaƙa a kan bayar da kaya, amma ko a wurinsu sai an mallaka wa matalauci. Zarenka sadakar taɗawwu'i ce, ladanta daban, zakkarka kuma tana nan a wuyanka.

Haka nan wanda kaffarar rantsuwa ta hau kansa ya zaɓi tufatar da miskinai goma, kamar yadda ya zo a aya ta 89 ta Suratul Ma'ida, hula ko safa ba su isar masa. Malamanmu sun ce namiji riga, mace riga da mayafi.

Amma da yake taɗawwu'i ce, ƙofarta ta fi faɗi. Sabon Gari unguwa ce da Musulmi da Kirista ke maƙwabtaka, kuma ɗari ba ya tambayar addinin jariri. Aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta halatta kyautata wa wanda bai yaƙe mu ba, kuma Buhari ya ruwaito cewa Sayyidina Umaru ya aika wa wani ɗan'uwansa a Makka da riga tun bai musulunta ba.

TAMBAYAR DA BA A YI BA: HAƘƘIN YARO

Ga inda muke jin tsoro. Abu mai kyau yakan lalace a hannun manya. Ma'aikatan ilmi da ke karanta wannan fili sun san yadda darasin aikin hannu ya ƙare a makarantun firamare da dama: aka daina koyarwa, aka koma cewa yaro ya kawo tsintsiya ko mafici daga kasuwa, daga baya ma aka ce ya kawo kuɗin kawai a ba shi maki. Aka koya wa yaro sayen sakamako da sunan sana'a. Kada a maimaita wannan da sunan sadaka. Saboda haka muna gindaya sharuɗɗa biyar.

Na ɗaya, zare ya fito daga manya. Yaron da bai balaga ba shari'a ta yi masa hajru, kyautarsa daga dukiyarsa ba ta zartuwa, ko waliyyinsa ba shi da ikon yin kyauta da dukiyar yaro, balle ta maraya. Kada a ɗora wa yara kuɗin zare, kada a kori wanda bai kawo ba.

Na biyu, a nemi izinin iyaye, kuma malami kada ya ci ko sisin kwabo daga aikin. Muhammadu ɗan Sahnun, malamin Ƙairawan da ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya bayyana a littafinsa na ladubban malamai cewa bai halatta malami ya riƙa aiken yara cikin bukatun kansa ba. In aike bai halatta ba, ina ga sayar da guminsu? In an sayar da wani abu don a sake sayen zare, a rubuta, a karanta wa iyaye.

Na uku, kada a taɓa lokacin Alƙur'ani da sauran darussa, kuma kada a yi duka a kai. Sa'a ɗaya ko biyu a mako sun isa. Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu ta ba da labari cewa suna sa yaransu azumin Ashura, su yi musu abin wasa da ulu, in yaro ya yi kukan yunwa a ba shi ya shagala. Da lallashi sahabbai suka saba wa yara ibada.

Na huɗu, a kyautata aikin. Aya ta 267 ta Suratul Baƙara ta hana mu nufin mummuna mu bayar. Annabi Dawuda, da Allah Ya koya masa saƙar sulke, an umurce shi ya daidaita ƙirar. Hular da ta karkace a warware a sake. Alhaji kuma kada ya zaɓo zaren da ya shekara yana shan rana ya ce sadaka. A sani kuma yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa zaren roba ne, in ya taɓa wuta narkewa yake ya manne a fata, saboda haka a gargaɗi yaran da ke jin ɗumi kada su matsa kusa da wuta da shi.

Na biyar, a kiyaye mutuncin mai karɓa. Aya ta 264 ta Baƙara ta nuna gori da cutarwa suna ɓata sadaka. Kada a jera marayu a rana ana ɗaukar hoto, kada a sa su waƙar godiya. A miƙa ta hannun ma'aikatan jinya da masu kula da gidajen marayu da malaman tsangaya.

Game da lada kuwa, kada a yi shakka. Wata mata ta ɗaga ƙaramin yaro ta tambayi Annabi ko yana da hajji, ya amsa mata da cewa yana da shi, ita ma tana da lada. Muslim ya ruwaito. Yaro yana da ladan aikinsa, malama tana da na koyarwa, mai zare yana da nasa.

KIRA GA 'YAN KASUWA DA MA'AIKATA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Yan kasuwa ke da zare, ma'aikata ke da jadawalin darussa. Masu koyarwa ma ba a rasa ba, domin tun daga 1980 da gwamnatin Rimi ta kafa hukumar ilmin manya ta Jihar Kano, mata da yawa sun koyi saƙa da ɗinki a azuzuwan mata, suna nan cikin unguwanni. Ga lissafi mai sauƙi. Aji mai yara 50, in kowane yaro ya saƙa falle ɗaya mai kusurwa huɗu, santimita 20 kowane gefe, cikin mako biyu, to a zangon karatu na mako 12 an sami falle 300. In aka harhaɗa 35 a bargon yaro ɗaya, an tashi da barguna 8 har da saura. Wannan aji ɗaya ke nan a makaranta ɗaya. Waɗanda hannunsu ya faɗa sai su wuce zuwa hulunan jarirai, a kai asibitin yara na Hasiya Bayero ko ɗakin haihuwa na Asibitin Murtala, bayan an tambayi ma'aikata irin girman da suke bukata, barguna kuma a kai gidan yara na Nasarawa da tsangayun unguwa.

Kuma muna roƙon alarammomi kada su bar almajiransu a layin karɓa kaɗai. Ɗinkin hula tsohuwar sana'ar gardawa ce, da ita da yawa suka yi karatu ba su yi bara ba. Almajirin da ya iya allura zai iya kibiya. Ranar Alhamis da Jumma'a da ba a karatu, ƙolo ya saƙa wa na ƙasa da shi hula, ya ɗanɗana daɗin bayarwa ko sau ɗaya a rayuwarsa.

Abu na ƙarshe shi ne dawwama. A aya ta 92 ta Suratun Nahli Allah Ya buga misali da matar da ke warware zarenta bayan ta kaɗa shi ya yi ƙarfi. Ayar tana magana ne a kan warware alkawari, kuma mu mutane ne masu fara abu da ganga mu bar shi shiru. Aikin da Allah Ya fi so shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne. Wanda ya yi wa makaranta alkawarin dunƙule goma duk zango, ya cika, ya fi wanda ya kawo buhu sau ɗaya don a gani.

Saboda haka, Alhaji, fatawarmu ita ce ka aika wa malama ta dawo, ka ba ta zare mai kyau da kibiyoyi, ka gaya mata sharuɗɗan nan biyar, ka fitar da zakkarka daban, in kuma da hali ka haɗa da dilar gwanjo domin waɗanda ba za su iya jira ba. Ranar da 'yarka ta kawo maka hularta ta farko, ko da ta ɗan karkace, ka yaba mata, ka sa mata albarka kafin ka ce ta gyara. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Allah ne Mafi sani. Abin da muka faɗa daidai daga gare Shi ne, kuskure kuwa namu ne, muna neman gafararSa. Allah Ya suturta mu duniya da lahira, Ya shirya mana zuriya, Ya kare kasuwanninmu daga gobara, Ya sanya hannuwanmu su zama na sama, amin. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan hukunce-hukuncen bashi.